Malami Ba Isnadi: Tsokaci a Kan Na'urar Hira

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne a ɗan auna wani sabon malami da ya shigo mana, watau na'urar nan mai amsa tambaya. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, sa'an nan Meta AI ta shigo cikin WhatsApp a Nijeriya a 2024, kusan babu wanda ba ya yi mata fatawa, daga ɗan tireda a Kantin Kwari har mu ɗaliban Hausa idan jinga ta matso. Tambayar ita ce, shin maganarta abar kamawa ce?

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san yadda take aiki. Ba sani gare ta ba irin na mutum. An ɗura mata rubuce-rubuce ne masu ɗimbin yawa, ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Saboda haka abin da ta gwanance a kai shi ne tsara zance, kuma zance yana iya tsaruwa sarai alhali ba shi da tushe. A 2023 wata kotu a New York ta Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 don sun kafa hujja da shari'o'in da ChatGPT ta ƙago musu, da sunaye da lambobi. To, idan haka ta faru da Ingilishi, wanda rubutunsa ya cika intanet, ina ga Hausa?

Bari mu ɗauki Fagge da Sabon Gari alal misali. Fagge tsohon zangon fatake ne a bayan ganuwa. Sabon Gari kuwa Turawa ne suka keɓe shi wajen 1913 domin baƙin da suka biyo jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. A nan ne aka yi rikicin Mayu 1953, daga ran 16 zuwa 19 ga wata, sanadin shirin ziyarar 'yan Action Group ƙarƙashin Akintola. Rahoton gwamnatin Arewa ya ce mutum 36 suka mutu, amma a intanet sau da yawa 46 ake gani. Ɗalibin tarihi na ƙwarai zai kawo duka biyun, ya faɗi inda kowanne ya fito. Na'ura kuwa tana iya miƙo maka ɗaya da murya mai daɗi, kai kuma ka kwafe.

Amma a ganina wannan ma ƙaramin aibi ne. Babban shi ne irin abin da aka rubuta game da unguwannin nan. Jaridu ba su cika waiwayar Sabon Gari ba sai ran da wuta ta tashi: 1953, 1966, 1991, 2004, ko gobarar kasuwa ta 2016. Shekaru aru-aru da Bahaushen Fagge ya yi yana karɓar kaya bashi a hannun Inyamuri, da auratayya, da irin Hausar da yaran titin Faransa suke yi, kaɗan ne daga cikinsu ya hau takarda. Abin yana bakin dattawa, na'ura kuwa ba ta zama a dakali. Akwai ayyuka irin littafin Ahmed Bako a kan tarihin Sabon Gari, na 2006, sai dai ire-irensu sun fi zama a kantar laburare. Ashe ke nan ko da na'urar ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, hoton da take da shi na wurin a karkace yake, kuma yaron da bai taɓa taka Sabon Gari ba shi zai ɗauka.

Kada a ce na yi mata rashin adalci. Tana da amfani wajen gyara wasiƙa, da taƙaita dogon bayani, da nuna wa mutum inda zai fara nema. Wasunsu ma yanzu suna liƙa adireshin shafin da suka ɗauko magana. Sai dai mutum nawa ne cikinmu yake buɗewa? In ma ya buɗe, sau da yawa shafin wani shafin ya kwafa.

Malaman zaure sun daɗe da maganin wannan. Malami a Fagge in ya ba da fatawa yakan ambaci littafi da babi da wanda ya karantar da shi, in abin ya shige masa duhu ya ce Allahu a'alamu, a je wurin wane. Ta haka almajiri yake sanin inda ƙafar malaminsa ta tsaya. Na'urar tana faɗin abin da ta tabbatar da wanda ta kintata da murya iri ɗaya, kuma Hausarta, wadda sau da yawa Turanci ne aka sa wa riga, ba ta sauyawa ko kaɗan tsakanin biyun.