Fatawar da Kowane Ɓangare Ya Ce Tasa Ce: Nazarin Amsar Ɗanɗawi Kan Lamarin Sali

A watan Janairu na 1988 aka yi wa wani ɗalibin likitanci na Jami'ar Azhar tiyata a Alƙahira, aka sauya masa al'aura daga ta maza zuwa ta mata, ya koma amsa sunan Sali. Kafin nan ya shafe shekaru yana ganin likitocin ƙwaƙwalwa, waɗanda suka ce yana fama da abin da suka kira khunsancin zuci, wato jiki na namiji amma zuciya ba ta taɓa yarda da hakan ba. Jami'a ta kore shi daga kwalejin maza, ta kuma hana shi shiga ta mata. Ƙungiyar likitoci ta tuhumi wanda ya yi aikin, sannan aka nemi fatawar Muftin Masar na lokacin, Shaihu Muhammad Sayyid Ɗanɗawi, wanda ya ba da amsa a watan Yuni na shekarar.

Fatawar ta ginu a kan tushe biyu. Na farko shi ne hadisan da suka kwaɗaitar da neman magani. Na biyu shi ne hadisan da suka la'anci mai kamanta kansa da ɗaya jinsin, tare da bayanin masu sharhi irin su Ibn Hajar, waɗanda suka raba wanda aka halitta da ɗabi'ar mata da wanda ya ƙirƙire ta da gangan. Daga nan Mufti ya yanke cewa tiyata ta halatta, har ma tana iya zama wajibi, idan amintaccen likita ya tabbatar cewa za ta bayyanar da jinsin da yake ɓoye a jiki, amma ba ta halatta don sha'awar sauyi kawai ba.

A matsayin ƙa'ida, babu abin zargi a wannan. Malamanmu sun daɗe da sanin mata-maza. Sun ba khunsa mushkili sahunsa tsakanin maza da mata a salla, Malikawa kuma suka ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace a gado, har Shaihu Khalil ya rufe Mukhtasar ɗinsa da wannan mas'ala. Fiƙihu bai taɓa cewa wanda jikinsa bai faɗa ɗayan gidajen biyu ba ya fita daga al'umma. Wuri ya nema masa.

Rauninta yana wani wajen. Abin da aka tambayi Mufti ba hukuncin mata-maza ba ne, domin rahoton likitocin da jami'a ta dogara da shi ya ce jikin ɗalibin na cikakken namiji ne. Tambayar ita ce: shin damuwar zuci mai tsanani, wadda likita ya tabbatar, tana shiga cikin cutar da ke halatta wuƙa, ko kuwa tana cikin son rai? Nan gizo ke saƙar, kuma nan ne fatawar ta yi shiru. Ta miƙa hukunci ga likitoci, alhali saɓanin likitocin ne ya kawo maganar gabanta. Sakamakon haka, masu adawa da tiyatar suka riƙe jimlar da ta hana sauyi don sha'awa, masu goyon baya suka riƙe wadda ta halatta magani. Malaman usulu suna kiran aikin da aka bari tahƙiƙul manaɗi, wato tabbatar da cewa illar hukunci tana nan a cikin wannan lamari na musamman. Fatawa ta bambanta da darasin fiƙihu ne da wannan mataki.

Wasu sun fi ta fito da matsayi. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1989 cewa wanda gaɓoɓinsa suka cika ba ya halatta ya sauya su, tana kafa hujja da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, ta kuma halatta gyara ga mata-maza. A Iran, Khumaini ya ba Maryam Khatun Mulkara izinin tiyata a shekarun 1980. Mutum zai iya ƙin ɗayan matsayin biyu, kuma jumhurun Ahlus Sunna suna kan na farko, amma kowanne ya gaya wa mai tambaya inda ya tsaya.

Wanda ya biya kuɗin wannan shubuha shi ne mai lamarin. Hukumomin Masar sun wanke likitan, suka ba Sali takardar shaidar zama mace a 1989, amma ta ci gaba da shari'a da jami'a shekaru da dama kan komawa karatu. Fatawar ba ta ce komai ba game da wanda an riga an yi masa aikin: ina zai yi karatu, a wane sahu zai tsaya, wa zai duba lafiyarsa? Ko a wurin wanda ya haramta tiyatar, haramcin aiki ba ya zubar da haƙƙin mutum na magani, ilimi da kariya daga wulaƙanci.

Ɗalibin fatawa a ƙasar Hausa yana da abin ɗauka a nan. Bakin jama'a yakan haɗa mata-maza da ɗan daudu da mai damuwar jinsi a kwando ɗaya, alhali hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Idan irin wannan tambaya ta zo, wajibi ne mufti ya zauna da likitan jiki da na ƙwaƙwalwa, ya tantance wane ne a gabansa, ya faɗi hukunci ƙarara, sannan ya bayyana yadda mutumin zai rayu a cikin jama'a bayan hukuncin. Allah ne Mafi sani.