Daga Dutsen Habude Zuwa Farin Dutse: Kudancin Jigawa Ya Gama da Ni

'Yan'uwana masu jakar goyo da takalmin kambas, masu sammakon ranar Asabar don neman dutsen da za a hau da ruwan da za a faɗa, ku matso kusa, yau ina da magana. Na san kowa da gwaninsa. Wani in ba duwatsun Jos ba, ba ya jin ya yi tattaki. Wani Kufena ce tasa, wani Kwatarkwashi, wani kuwa da an ambaci iyo sai ya ce Wikki ta Yankari. Duk na yarda da su, ban raina ko ɗaya ba. Amma ni dai a ba ni kudancin Jigawa, daga Birnin Kudu a gangara Gwaram har Farin Dutse, in bar wa kowa nasa. Son kai ne? Na ji, na kuma karɓa.

Yawancin mutane da an ce Jigawa sai su hango rairayi da jigayi da fili fetal har iyakar ganin ido. Wannan hoton arewacin jihar ne da gabashinta. Kudu wata duniya ce daban. Nan ƙasar tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya taso daga ƙasar Bauchi da Ningi, shi ya sa za ka ga manyan duwatsu, sulɓaɓɓu, mulmulallu, masu ruwan toka da ratsin baƙi, wasu a zaune daram, wasu sun hau kan juna kai ka ce yanzu za su mirgino, alhali sun fi kakannin kakanninmu daɗewa a haka. Ruwan sama ma ya fi sauka a nan, don haka itatuwa sun fi yawa, inuwa ta fi kauri. Masha Allah!

Hanyar ba ta da wuyar ganewa. Daga Kano ka bi ta Wudil, ka wuce Kwanar Huguma, tafiyar kimanin kilomita 120 ce ka shiga Birnin Kudu. Masu wucewa Bauchi da Gombe kullum suna ratsa garin, su tsaya su sha mai, su sayi rake, su ƙara gaba, ba tare da sun san abin da suka bari a bayansu ba. Abin yana ba ni takaici ƙwarai. Garin da ke da Kwalejin Gwamnati wadda irin su Aliko Ɗangote suka yi karatu a cikinta, yake da babban asibitin tarayya, ga shi kuma da abin da garuruwa kaɗan ne a duk Afirka ta Yamma za su yi alfahari da irinsa: zanen mutanen dā a jikin dutse.

To, a nan ne haikin ɗinmu yake farawa. Dutsen Habude, Dutsen Mesa, Dutsen Murufu, duk suna nan kewayen gari, ba sai ka yi doguwar tafiya ba. Hawan ba mai tsanani ba ne, ko sabon shiga zai iya. Ka ɗan kutsa tsakanin duwatsu, ka sunkuya ka shiga ƙarƙashin wata rumfar dutse mai sanyi, mai duhu-duhu, mai ƙamshin ƙasa, ka jira idonka ya saba, sai kawai ka gan su. Shanu! Shanu a jere a jikin dutse, da jan launi, wasu masu dogayen ƙahoni sun baje, wasu masu gajeru, an fitar da ƙafafu da wutsiya da hannun da ya san dabba ciki da bai. Ka matsa kusa ka duba gadon bayansu da kyau: babu tozo. Wannan shi ne abin da ya fi tsuma ni. Duk shanun da ke kiwo yau a gindin dutsen nan masu tozo ne, amma waɗanda aka zana irin na dā ne marasa tozo, dangin muturu da wasu masu dogon ƙaho da tuni suka ɓace daga wannan yanki. Masana sun lura zanen ya yi kama da waɗanda ake samu a tsakiyar Sahara, wasu kuma suna kiyasta shekarunsa sun haura 2,000. Kana tsaye a inda wani makiyayi ya tsaya tun kafin a san za a yi Kano da ganuwarta. Tsigar jikinka sai ta tashi, ko ka so ko ka ƙi.

Ba a nan daɗin ya tsaya ba, saura duwatsu masu kiɗa. Wallahi ban san yadda zan kwatanta muku ba, gani ya kori ji, ko in ce a nan ji ya kori labari. Zafin rana da sanyin dare suna sa babban dutse ya riƙa ɓamɓarewa falle-falle, sai wani fallen ya faɗo ya maƙale a kan wasu duwatsu, ƙarƙashinsa ya zama fanko. Ka ɗauki ɗan dutse daidai cikin tafin hannu ka ƙwanƙwasa gefensa, maimakon ka ji ƙas, sai ka ji wata ƙara siririya, tsattsafa, mai zaƙi, mai amo, tamkar an buga ƙararrawar makaranta. Ka matsa taku ɗaya ka sake bugawa, murya ta canza. A gefen fallen za ka ga ƙananan gurabu sumul-sumul waɗanda bugun hannuwa ya lotsa a tsawon zamani, su ne ke nuna maka inda za ka buga. In kun kai ku uku, ɗaya ya riƙe ƙasa, ɗaya ya riƙe sama, ɗaya ya yi ta yanka, kafin ka ankara an haɗa kiɗa sosai. Daɗi kashe mutum!

Baturen nan Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, a nan Birnin Kudu ya fara cin karo da irin waɗannan duwatsu a 1955, ya kuma yi rubutu a kansu a 1956, daga nan masu bincike suka shiga gano irinsu a wasu ƙasashen Afirka. Amma mutanen gari ba su jira Bature ya nuna musu ba. Tun can da ma suna da alaƙa da wurin, har al'adun biki sun haɗa da kai amarya da ƙawayenta dutse a yi wasa a buga. Yanzu wuraren suna cikin kayan tarihi na ƙasa, a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya, kuma tana da ma'aikata a garin. Ku fara da su, su ne za su kai ku inda zanen yake, domin in kai kaɗai ne za ka iya wucewa ta gabansa ba ka gani ba. Wanda abin ya shiga ransa kuwa, akwai 'yan'uwan wannan zane a maƙwabta, a Shira da Geji cikin jihar Bauchi.

Ga ƙorafina na farko, kuma da zafi nake yinsa. Don Allah wa ya ce wa matasanmu dole sai sun rubuta sunansu da gawayi ko fenti a jikin kowane dutse? Akwai kuma masu shafa zanen da hannu, da masu yayyafa masa ruwa wai don ya fito rangaɗau a selfi. Haba jama'a! Abin da ya jure rana da iska na dubban shekaru, kada ya zo ya ƙare a hannunmu saboda hoton Facebook.

Mu ƙara gaba. Daga Birnin Kudu ka nufi Babaldu, ka bi ta Sara mai babbar kasuwa, ka shiga ƙasar Gwaram. Daga nan ne ƙasa take fara tudu da kwari, duwatsu suna ƙara matsowa bakin hanya, har ka dangana da ɓangaren Farin Dutse da Fagam da Basirka, dab da iyakar Bauchi. Wannan shi ne filin masu haikin na gaske. Kada ka sa ran allo mai kibiya ko matakalar siminti. Google Maps ma kansa nan yake sallamawa, netwok ya zo ya tafi. Hanyoyin da za ka bi su ne na masu wurin: burtalin shanu, turbar masu itace, 'yar siririyar hanyar da mata ke bi da tallan nono. Kuma ni a wurina wannan ne ma armashin abin.

Ka tashi bayan sallar asuba, lokacin da raɓa ba ta bushe ba. Ka ratsa gonakin dawa da gero da gyaɗa, ka wuce ƙarƙashin kuka da ɗorawa da tsamiya da kanya, fakara ta tashi fir daga gabanka har gabanka ya faɗi, kurciya da hasbiya suna ta kuka ta ko'ina, sai ka iso gindin dutse. Jikin dutsen yana da kaushi mai daɗin takawa, kambas yana kama shi cak, ba ka bukatar igiya ko wani tarkace, ƙafa da numfashi kawai. Abu ɗaya za ka kiyaye: baƙin ratsin nan da ruwa ke bi in ya gangaro, in yana da danshi santsi ne da shi, kauce masa. A tsakiyar hawa ka tsaya ka dubi yadda ɓaure ya cusa saiwarsa cikin tsagar dutse, fara sol, murɗaɗɗiya, ta bi tsagar har ƙasa tana neman laima. A can ƙoli kuma akwai 'yan kwarmin dutse da ke riƙe ruwan sama, ƙadangaru suna shan hantsi a bakinsu. Sannan ka juyo. Ga gonaki shimfiɗe, kore da ruwan ɗorawa da ja, ga rugage da garken fararen shanu, ga rumbuna da hayaƙin girkin safe yana tashi daga ƙauyuka, ga layin itatuwa mai duhu da ke nuna maka inda kogi ya bi, ga duwatsun ƙasar Bauchi can nesa sun yi shuɗi-shuɗi, iska kuma tana kaɗa maka riga. Tsarki ya tabbata ga Mai halitta. Nan ne ake buɗe gorar shayi!

Bayan gumi sai ruwa, kuma a nan ma Gwaram ba ta ba da kunya ba. Kogin Bunga, wanda ya taso tun daga tsaunukan Jos, ta wannan ƙasa yake bi kafin ya zama kogin Jama'are, ya je ya haɗu da na Haɗeja su zama Komadugu Yobe, su zuba a Tafkin Chadi. Ka ji tafiya! Bayan damina, in ya lafa, sai ya bar faffaɗan rairayi, fari, laushi, mai tsabta, wanda ƙafa ke nutsewa a ciki, ruwa kuma yana ratsa tsakiya garai-garai, wani wuri iya gwiwa, wani wuri gurbi har ƙirji. Ka cire kambas bayan tafiyar awa uku ka tsoma ƙafa a wannan ruwa, ka ji yadda sanyin yake hawa har ƙwaƙwalwa. Babu wani wurin wankan otal da zai gwada maka wannan. Yaran gari kuwa gwanayen ninƙaya ne, suna alkafura, suna nutso, suna yi maka dariyar ƙauna in ka tsaya jan ƙafa. A gefe ga belbela da zalɓe suna kiwo, ga masu lambu sun tayar da injin ban ruwa, tumatir da albasa da tattasai sun yi shar.

Sai dai masoyi na gaskiya ba ya ɓoye wa ɗan'uwansa haɗari. A watan Agusta da Satumba kada ka kuskura ka shiga kogin nan. Yana iya cika ya tumbatsa ko da ba a yi ɗigon ruwa a Gwaram ba, saboda ruwan da aka tafka can sama. Kududdufi da ruwan da ke kwance kuma a bar su, nan ne matattarar ƙwayar tsargiya, kuma ko a kogi ka guji gefen da ciyayi suka yi yawa ruwa ba ya gudu. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan wanka ya nufi asibiti, akwai magani. Kafin ka shiga kowane gurbi ka tambayi masunta zurfinsa. Ka sa wandon da ya rufe gwiwa, ka yi nesa da inda mata ke wanki da ɗibar ruwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu: kaka ta yi, daji bai gama bushewa ba, rana ba ta yi zafi ba. Maris da Afrilu kuwa dutse kansa wuta yake zama.

Da ɗan gari akan ci gari. Da ka isa, ka fara zuwa ƙofar mai unguwa ko dagaci, ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kano, mun zo ganin dutse." Za ka sha mamakin karamci. Za a haɗa ku da saurayin da ya san kowace turba, ya san inda ake zuwa da inda ba a zuwa, ya san halin da daji yake ciki a wannan makon. Ku sallame shi da kyau, haƙƙinsa ne. Guzuri kuma kada ku cika jaka da biskit. Ga fura da nono mai sanyi daga hannun masu ita, ga gyaɗa sabuwar cira, ga rake, ga soyayyen kifi, ga tsire da yamma a bakin tasha. Ruwan sha da fawa bank kawai za ka ɗauko daga gida.

Sauran ƙorafina gajeru ne. Masauki ya yi ƙaranci, dole ka kwana a Birnin Kudu ko garin Dutse ka yi sammako. Ledar fiya wata ta fara bin mu har kan duwatsu. Masu gawayi suna cin itatuwa ba ƙaƙƙautawa, masu fasa dutse kuma a sa musu ido kada su kusanci wuraren tarihi. Tun 1991 aka ƙirƙiri jihar Jigawa, ya ci a ce zuwa yanzu akwai alluna a bakin titi da ke cewa matafiyi ga abin da ke nan, da 'yan jagora da aka horar, da motocin makarantu suna kawo ɗalibai su ga tarihinsu da idonsu.

Duk da haka, hukuncina bai canza ba: a duk ƙasar Hausa ban san wurin da zai ba ka zanen mutanen dā da dutse mai kiɗa da hawa mai daɗi da kogi mai farin rairayi a hutun ƙarshen mako guda kamar wannan ba. Ku haɗa ayari a kakar bana, ku gaida masu gari, ku buga dutsen Habude a hankali, ku kwaso shararku ku dawo da ita. Wanda ya je ya dawo bai gamsu ba, ya zo mu yi muhawara. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.