Jinjina ga Masu Gadin Tsuntsayen Dagona

Daga Kurudu zuwa Dagona, kusa da Gashuwa a Jihar Yobe, tafiya ce ta yini guda. Mun kafa tanti a bakin tafki cikin watan Maris, lokacin da tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai ke shirin komawa gida.

Da asuba ɗaya daga cikin masu gadin tsuntsayen ya tashe mu. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini madubin hangen nesa, ya nuna da leɓe: ga kirinjijiya sun yi dafifi suna fito, ga dinya, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya yana dakon kifi. Ya san kowannensu da kukansa tun kafin ya gan shi.

Waɗannan bayin Allah ne ke ƙidayar tsuntsaye, suna sintiri cikin laka da sauro, suna lallashin masunta da mafarauta. Tun 2008 tafkin ke cikin jerin dausayoyin Ramsar na duniya, amma guminsu ne ke riƙe da shi.