Haihuwa da Riƙo: Sharhi a kan Maƙalar "La'anar Lisp"

Makasudin wannan takarda shi ne a auna wani ra'ayi da ya shahara tsakanin masu rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa umarni da harshen Lisp, wato harshen da John McCarthy ya ƙago a 1958 a MIT ta ƙasar Amurka. A 2011 Rudolf Winestock ya fitar da wata maƙala wadda za a iya fassara sunanta da "La'anar Lisp". Abin da ya kafa hujja a kai shi ne, ƙarfin harshen ne ya zame masa cuta. Tun da mutum ɗaya yana iya yin abin da a wani harshe sai an taru, to, kowa sai ya ƙera tasa taskar, wato tarin umarnin da ake ajiyewa don wasu su ɗauka su yi aiki da shi. Sai ya biya bukatarsa ya tsaya, ba bayani, ba gamawa. Na bayansa kuma maimakon ya ƙarasa, sai ya fara tasa.

Ba shakka akwai gaskiya a nan. Duk wanda ya taɓa neman taskar karanta JSON a Common Lisp ya san zai tarar da su da yawa, kowacce da inda ta gaza. Amma a ganina marubucin ya tsaya ga haihuwa ne kawai, bai dubi riƙo ba. Haihuwar taska aikin 'yan kwanaki ne. Riƙonta kuwa, wato karɓar ƙorafi da gano kuskure da gyara shi shekara da shekaru, wannan ba harshen da ke yi wa mutum shi.

Bari mu fara da gano kuskure, domin nan ne Lisp ya bambanta ƙwarai. A harsuna da yawa, in shiri ya ci karo da kuskure sai ya mutu, ya bar ɗan saƙo. A Common Lisp kuwa ba ya mutuwa, tsayawa yake yi a daidai inda abin ya faru, ya miƙa wa mai shi zaɓi. Mutum na iya duba abin da ke cikin kowane ma'aji, ya sake rubuta sashen da ya ɓaci, ya ce a ci gaba daga nan, duk ba tare da an kashe shirin ba. Alal misali, a watan Mayu 1999 shirin Remote Agent, wanda aka rubuta da Lisp, ya maƙale a cikin kumbon Deep Space 1 na hukumar NASA, saboda sassansa biyu sun tsaya kowanne yana jiran ɗan'uwansa. Daga ƙasa injiniyoyi suka yi ta tambayar shirin yana can miliyoyin mil, har suka gano matsalar, aka ci gaba da gwajin.

Sai dai kuma ya kamata mu lura, wannan sauƙin yana da tasa illa, kuma ita ce na fi so da Winestock ya kama. Gyaran da aka yi wa shiri yana cikin aiki, a ƙwaƙwalwar na'ura yake zaune. In mai gyaran bai koma ya shigar da shi cikin matanin asali ba, to, shi kaɗai ya warke. Na'urarsa tana tafiya daidai, ta kowa tana faɗuwa, kuma in an kawo ƙorafi ya ce ai a wurinsa lafiya lau. Haka nan wanda ya saba gwada abu nan take da hannu, nawa kan hana shi rubuta gwajin da zai gadar wa na baya. Wannan ɗabi'ar mai aiki ce, kuma tana da magani.

Tarihin SBCL ya nuna maganin. A watan Disamba 1999 William Newman ya raba shi daga CMUCL, wanda ya samo asali a Jami'ar Carnegie Mellon. Babban dalilinsa shi ne, gina CMUCL ya dogara ga wani CMUCL da ke aiki, tare da duk abin da ya taru a cikinsa. Newman ya sake tsarin yadda za a gina shi tsaf daga matani. Aiki ne marar ɗaukar ido, amma shi ya sa baƙo ke iya sa hannu, har masu riƙo suka yawaita.

Labarin Maxima ya fi wannan tsawo. An fara Macsyma, shirin warware lissafin aljabara, a MIT a 1968. William Schelter na Jami'ar Texas ya riƙe wani reshensa tun daga 1982, kusan shi kaɗai, wato irin mutumin da maƙalar ke zargi ke nan. To amma a 1998 ya nemo izini daga Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ya sake matanin ga kowa a ƙarƙashin lasin GPL. Da ya rasu a 2001, masu sa kai suka ɗauka suka ci gaba. Macsyma na sayarwa kuwa, wanda kamfani ke riƙe da shi a rufe, ci gabansa ya tsaya tun wajen 1999. Harshen ɗaya ne, asalin ɗaya. Abin da ya raba su shi ne ko an bar ƙofa ga wanda zai gāda.

Wani abin mamaki, shekara guda kafin fitowar maƙalar, wato 2010, Zach Beane ya riga ya kafa Quicklisp. Yakan tattaro taskoki ya gina su gaba ɗaya, in sabon gyaran wata ya karya wata sai ya kai rahoto ga mai ita kafin a rarraba. Ga matsalar zaman tare an yi mata maganin zaman tare. Duk da haka ba zan ɓoye ba, nan ma Winestock yana da abin cewa, domin nauyin duba ɗaruruwan taskokin ya daɗe a wuyan mutum ɗaya, kuma duk lokacin da fitowar sabon tari ya yi jinkiri, jama'a jira kawai suke yi.