Ƙasusuwan Kilba: Waiwaye a Kan Tauraruwa Mai Wutsiya

A Gummi na fara karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, ina ɗan sakandare. Littafin ya fito a 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a duniyar wata, kuma ya cancanci yabon da ake yi masa na buɗe wa Hausa ƙofar labarin kimiyya. Sai dai da na sake bin tafiyar Kilba da Kolin Koliyo bayan na gama jami'a, na tarar marubucin ya fi kula da abin da idon yaron ya gani a kan abin da jikinsa ya sha.

Ina yi wa Dembo uzuri. A lokacinsa ba wanda ya wuce mako biyu a sararin samaniya. Daga baya aka tabbatar cewa inda babu nauyi, jini kan taru a kai, tsoka ta saki, ƙasusuwan da ke ɗaukar jiki su riƙa zaizayewa da kusan kashi 1 cikin 100 a kowane wata. Likitan Rasha Valeri Polyakov ya yi kwana 437 a tashar Mir tsakanin 1994 da 1995, yana nazarin haka a jikinsa.

Wanda ba shi da wannan uzuri shi ne marubucin yau, musamman ɗan yankinmu. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Likitocin MSF sun ba dubban yara maganin da ke janye dalma daga jini, an kuma kankare ƙasar gidaje. Amma dalma takan ɓuya a ƙashi shekaru da dama, ta koma jini duk lokacin da ƙashin ya fara sakin sinadarinsa, kamar yadda ake gani ga mai juna biyu da mai shayarwa.

To, a ce Kilba ɗan Bagega ne, ya tsira daga waccan annoba yana goye, yau kuma an harba shi sama. Ƙashinsa zai fara zaizayewa, ƙurar da ya shaƙa a tsakar gida tana iya biyo shi har can. Wa zai auna jininsa? Me mahaifiyarsa za ta ce, ita da ta binne yayyensa? Nan labari yake, mai tsoro da tausayi, ba sai an ƙirƙiro dodo ba.

Dembo ya kai yaron Bahaushe sama a matsayin ɗan kallo. Yaran da aka yi wa magani a Anka a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasu sun isa aure, kuma har yau ban ci karo da su a cikin wani ƙagaggen labari da na karanta ba.