Gwamnan Dandali: Abin da Kalankuwa Ta Riƙe na Tarihi

Duk dattijon da aka tambaya asalin kalankuwa a ƙauyukan da ke tsakanin Gusau, Tsafe da Bunguɗu, amsarsa guda ce: tun kaka da kakanni aka gada. Mu ɗaliban adabi mukan kwashe wannan amsa mu zuba a babin farko na kundin digiri, mu wuce. Ni kuwa ina ganin wasan da kansa yana ƙaryata ta, kuma a wurin ƙaryatawar ne darajarsa take.

Kalankuwa biki ne na kaka. Idan amfanin gona ya shiga rumbu, samari da 'yan mata sukan gayyato takwarorinsu na maƙwabtan garuruwa, a kwana ana kiɗan kalangu da ganga, ana rawa, ana kokawa. Amma abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne mulkin wasa da samari suke kafawa na 'yan kwanaki: ga Sarkin Samari, ga Gwamna, ga Alƙali, ga Likita, ga 'yan sanda masu kama wanda ya saɓa dokar dandali su ci shi tara. To, daga ina Gwamna ya shigo? Turawa ba su ci Sakkwato ba sai a 1903. Ke nan wannan sarauta ba ta kaka da kakanni ba ce; wasu samari ne da suka ga sabon mai iko da idonsu, suka ɗauko tafiyarsa da tsawarsa suka mayar abin dariya a gaban 'yan mata. Bakin dattijo yana cewa ba abin da ya canja, jikin mai rawa kuma yana nuna lokacin da aka canja. Tarihin baka ashe ba a harshe kaɗai yake ba, yana cikin taken ganga da tsarin muƙamai, kuma shaidun nan sukan yi saɓani.

Nazarinmu bai saba sauraron irin wannan shaida ba. Ƙasar Zamfara ta yi arzikin makaɗan fada: Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya, Musa Ɗanƙwairo, Sa'idu Faru. Waƙoƙinsu suna da mai su, suna da ubangida, an naɗe su a faifai, don haka suna zaunuwa a takarda a fiɗe su ɗiya-ɗiya, bisa hanyar da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Hanya ce mai kyau ga abin da aka yi ta dominsa. Sai dai waƙar dandali ba ta da mawallafi. Zabiya ta bayar, 'yan mata su amsa, baɗi wata ta sauya sunan saurayin da aka yi wa zambo. Idan aka rubuta kalmomin, aka bar tafi da juyi da shewa, abin da ya rage bai fi layi huɗu masu maimaita juna ba, sai mai gyaran jarrabawa ya ce ba su da zurfi. Ko ƙamus ɗin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971, duk da yawan abin da ya tattara, sunaye ya adana, bai adana rawa ba.

Da dandalin yana nan, da wannan giɓi bai dame ni ba, domin yaro yana koyon take ne a tsaye bayan yayansa. Amma tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999 kiɗan da ke haɗa maza da mata ya fara ja da baya, sannan 'yan bindiga suka zo suka ƙwace daren gaba ɗaya. A Satumbar 2021 har kasuwannin mako aka rufe a jihar, aka katse layukan waya. A gari irin Karakkai, wa zai tara baƙi daga ƙauyuka biyar su kwana a fili, ganga tana sanar da daji inda suke? Waɗanda suka taɓa riƙe Gwamna ko Alƙali a kalankuwa yanzu furfura ta cika musu kai, wasunsu suna zaman gudun hijira a Gusau, kuma mai nazarin da ya iske su yakan tambaye su asali ne kawai, ba ya cewa su tashi su nuna masa yadda Gwamna yake takawa.