Kalmar "Ribaɗi" da Ma'anoninta

Sau da yawa idan aka zo koyar da tarihin Daular Sakkwato, akan ce wa ɗalibai ribaɗi shi ne gari mai ganuwa wanda mayaƙa ke zaune a ciki. Wannan bayani ba ƙarya ba ne, amma ya gaza, kuma gazawar tasa takan ɓad da ɗalibi.

Asalin kalmar Larabci ne, daga tushen da ke nufin ɗaurewa. A Suratul Anfali, aya ta 60, ma'anarta ɗaure dawaki domin shirin yaƙi. Watau tun farko aiki take nufi, ba gini ba: mutum ya tsare kansa a bakin iyaka yana gadi, yana ibada. Daga baya ne sunan aikin ya koma kan wurin. Haka aka sami ribaɗin Munastir (796) da na Susa (821) a gaɓar tekun Tunisiya, masu kauri da hasumiyar tsaro. A ƙasar Farisa kuwa kalmar ta zama masaukin ayari, a wajen Sufaye ta zama zawiyya. Rabat, babban birnin Maroko, daga nan ta samo sunanta.

Ga misalin ɓarnar da ma'ana guda ke jawowa. An daɗe ana cewa Murabiɗai sun sami sunansu ne daga wani ribaɗi da Abdullahi ɗan Yasin ya gina a tsibiri. Amma labarin tsibirin ya fito ne daga Ibn Abi Zar'i, marubucin ƙarni na 14, alhali Ɗan Yasin ya rasu tun 1059. Masana da dama yanzu sun fi karkata ga cewa sunan na masu aikin ne, ba na mazauna wani gini ba.

To, a ƙasarmu fa? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817–1837) ya zauna a Wurno, can kuma ya rasu. Wurno tana tsaron iyaka daga Gobirawa, amma har wa yau wuri ne na zaunar da makiyaya, da noma, da karatu. Wanda ya kira ta sansani kawai ya zubar da rabin manufar Bello.

Saboda haka ya kamata malami, duk inda ya tarar da kalmar, ya fara tambaya: wane zamani, wace ƙasa, kuma gini ake nufi ko aiki?